Wuƙaƙen Baba Illo

Baba Illo wan ubana ne, maƙeri a Madarumfa. Shekara talatin yana ƙera wuƙa da ƙarfen tsohuwar mota, bai taɓa wasa ta a kwance ba. Dutsensa ya lotsa a tsakiya kamar kwale-kwale. A cikin lotson yake mirgina wuƙa har gefenta biyu su yi doro, kamar bayan kifi. Wuƙarsa ba ta da kyan gani, amma doron nan ke ture fata daga nama ba tare da ya huda ta ba, kuma bakin ba ya ɓantarewa a ƙashi. Mahauta sun sani.

A bazarar 1974 shanu suka yi ta faɗuwa a bakin tafki. Naman bai da amfani, fatar ce ake saye. Rumbunmu kuwa wayam, mu goma sha ɗaya muna cin dusa da ganyen tafasa. Sai Maman, babban mahaucin garin, ya ce a yi masa wuƙar fiɗa ashirin kafin ranar kasuwa, nan da mako biyu, zai biya da buhun hatsi.

Kwana tara Baba Illo yana bugu da wasawa. Da ya gama ya tafi Gabi jana'izar surukinsa, ya bar wa ubana, Ɗan Azumi, aikin sa ƙota. Ubana ya yi cirani a Katsina, ya ga wuƙaƙen kanti masu ƙyalli. Ya dubi na wansa ya ga kauri. Ya ɗaure su a tsumma ya kai Maraɗi, wurin mai injin wasa da ake juyawa da ƙafa. Aka cinye doron duka. Suka dawo sirara, suna walƙiya.

Maman ya gwada ɗaya a kan saniya. Huda uku kafin ya kai cinya. Ya kwaso su ya zube a ƙofar maƙera, daidai dawowar Baba Illo.

“Illo, wuƙar fiɗa na ce, ko askar wanzami? Fata mai huda wa zai saya, kakarka?”

Baba Illo ya shafa ɗaya da babban yatsa, ya dubi ƙanensa.

“Yaya, gyara na yi,” in ji ubana. “Ka ga yadda suke sheƙi.”

“Sheƙin za ka dafa wa Barira da ƴaƴanta?”

Barira uwata ce, tana tsaye tana ji.

Ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa, gawayin sake ƙira kuma babu. Hanya ɗaya ta rage: a goge siririn bakin har a kai inda ƙarfen ke da kauri, a sake fito da doro daga can. Saura kwana uku kasuwa. Baba Illo ya durƙusa a kan dutse, ubana na zuba ruwa. Rana ta biyu yatsun Baba Illo suka fashe, ya naɗe su da tsumma. Ubana ya karɓa, ya ɓata biyu, aka ƙwace.

Takwas suka gyaru, sun tsuke kamar ganyen rama. Maman ya fiɗe maraƙi da ɗaya, babu huda. Ya auna mana tiya goma sha shida, ya ɗinke bakin buhunsa.

Hatsin bai kai mu damina ba. Ubana ya sayar da jakinsa ya koma Katsina dako.