Lamba ta Biyar da Shanun Huɗa

Shekaru sun ɗan ja tun da abin nan ya faru, ni kuwa ba na cika amince wa tunanina. Mai yiwuwa na haɗa maganar wata rana da ta wata, ko na sa wa wani kalmar da ba tasa ba. Lambobin kaɗai nake da tabbaci a kansu, don suna nan a littafina har yau.

Bayan na gama jami'a da bautar ƙasa, na dawo Gwarzo da takardar injiniyan lantarki, na yi wata da watanni ina neman aiki. Da zaman ya ishe ni, yayata ta taimaka mini na sayi ƙaramar na'urar nan da ake jona wa mota a ƙarƙashin sitiyari, wadda mutane ke kira kwamfuta. Lokacin motoci masu giya otomatik sun fara yawa a wajenmu. Irin wannan mota tana da ƙwaƙwalwarta. In wani abu ya dame ta sai ta kunna wuta a gaban direba, ta ajiye wata lamba a ciki. Aikina shi ne in karanto lambar, in nemo ma'anarta.

Wanda ya ba ni wurin zama aminin mahaifina ne, tsohon bakanike mai gareji a bakin titi, ƙarƙashin darbejiya biyu. Baba muke ce masa. Bai yi boko ba, da ajami yake rubuce-rubucensa, amma ya fi shekara talatin yana kwance giyabos na hannu yana mayarwa. Sa'o'insa da yawa suna cewa kwamfuta yaudara ce. Shi bai ce haka ba. Ya ba ni benci, ya kafa mini sharaɗi ɗaya: kada in goge lamba, kada in yanke wa mota hukunci, sai na karanta masa duk abin da na gani, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa.

"Injiniya," haka yake kirana, rabi girmamawa rabi tsiya, "kada ka gaya mini abin da ya lalace. Gaya mini abin da ta ce. Abar nan taka mai kai ƙara ce, ba alƙali ba. Mai ƙara kuwa ya san inda ke masa ciwo, ba lallai ya san wanda ya doke shi ba."

Gab da damina, ana sharar gona, wani dattijo ya zo daga Masanawa ta ƙasar Kabo. Asalinsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. Zan kira shi Alhaji, kamar yadda kowa ke kiransa. Motarsa irin mai ɗaukar iyali ce, ɗansa da ke aiki a Kudu ya aiko masa da ita, kuma ita ce motar asibiti da ta biki da ta kasuwa ga duk unguwarsu. An yi rashin sa'a ranar Baba ya tafi ta'aziyya Unguwar Tudu.

"Tana tafiya lafiya lau," in ji Alhaji, "sai ta yi harbi kamar jaki, ta maƙale a giya ɗaya, tana gunji ba ta gudu. In na kashe na sake tayarwa, sai ka rantse ba ita ba ce."

Na jona na'ura, lambobi biyar suka fito. Huɗu na ƙananan makullan lantarki ne da ke cikin giyabos, waɗanda ke buɗe wa mai hanya in za a canja giya. Ta biyar cewa ta yi wutar da ke shiga ƙwaƙwalwar giya ta yi ƙasa. Na zaro sandar man giya, na ga man ja ne tas, ba ƙauri. Wannan ya kamata ya tsayar da ni, amma huɗu sun fi ɗaya yawa, sai hankalina ya bi huɗun. Na kuma lura da wani layi a ƙasa da ke nuna cewa ba a daɗe da goge ajiyar lambobin motar ba, tafiyar da ta yi tun daga nan ba ta wuce nisan Masanawa zuwa Gwarzo ba. Na tambayi Alhaji ko wani ya sa mata kwamfuta kafin ni, ya ce ni ne na farko. Na rubuta, na wuce.

Da na bi sharaɗin Baba, da sai in ce ya dawo gobe. Amma dattijo ya yi tafiya, yana tsaye yana kallona, sai na ji kunyar in ce ban sani ba. Na ce masa mai yiwuwa makullan ne, mai yiwuwa ƙwaƙwalwar ce, mai yiwuwa kuma giyabos ɗin ne gaba ɗaya.

"To wanne ne in an yi, magana ta ƙare?"

Na ce in an sauke giyabos aka sa wani na Beljiyam, da makullansa da komai, to galibi magana takan ƙare. Ina jin na ce galibi. Ya gyaɗa kai, ya yi godiya mai tsawo, ya tafi.

Ban gaya wa Baba ba. Ba ɓoyewa na yi niyya ba, a ganina ai ban yanke komai ba. Bayan kwana uku, da hantsi, Alhaji ya bugo mini waya. Ya ce in shirya mu shiga Kano jibi neman giyabos, don ya sa ƙaninsa ya kora shanun huɗarsa biyu, fari da ja, kasuwa tun da asuba.

Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Bijiman huɗa ba kaya ba ne da ake saya yau a ɗaura musu garma gobe. Tare ake horar da su, har kowane ya san takun ɗan'uwansa. Ga hadari ya fara haɗowa a gabas. Na ɗauki littafina na je na tsuguna gaban Baba, yana wanke wani fanfon mai a cikin kwano, na faɗa masa komai.

Bai yi faɗa ba. Ya goge hannu ya ce, "Karanto."

Na karanta huɗun farko. Na karanta ta biyar.

"Maimaita wannan."

Na maimaita.

"Wato huɗu sun ce ba su da lafiya, na biyar ya ce yunwa yake ji. Kai kuma ka tafi neman likkafani. Saura me?"

Na faɗa masa zancen gogewar, da cewa Alhaji ya ce ba wanda ya taɓa sa mata kwamfuta.

"Ban da kwamfuta, me ke sa ta manta?"

Na ce a irin wannan motar, in an cire batir.

Ya miƙe ya ɗauki sifana biyu da wani abu daga akwatinsa ya zuba a aljihu. "Kira shi, ka ce ya tsayar da ƙaninsa. Ka zo ka hau."

Na kira, Alhaji ya ce zai gwada. Muka kama hanyar Kabo a tsohon babur ɗin Baba, ni a baya rungume da na'ura.

Mun tarar da Alhaji a ƙofar gida bisa tabarma, da waya a hannu. Ya ce ya buga ya fi a ƙirga, ƙanin bai ɗauka ba, hayaniyar kasuwar shanu ta hana shi ji. Shi kansa bai bi su ba, ya ce ba zai iya tsayawa yana kallon ana mammatsa su ba. Baba ya zauna aka gaisa: gida, iyali, gajiya, dabbobi, zafi, sannan aka sake komawa kan iyali. Aka kawo fura da nono. Ni ina ta kallon agogo, har na ji haushin Baba a raina. Daga baya na fahimci ba zai shiga gidan dattijo ya nufi motarsa kamar ɗan sanda ba.

"Alhaji," in ji Baba, bayan ya ajiye ludayi, "in ka wayi gari ka ga shanu huɗu sun kwanta rana ɗaya, me kake fara dubawa?"

"Inda suka sha ruwa mana."

"To ka ji. Kai ma bakanike ne, ba ka sani ba. Ina take kwana?"

Motar tana cikin wata rumfar kara a gefen gida. Baba ya ce in buɗe bonet. Na buɗe, na tsaya. Gurbin batir wayam, wayoyi biyu na reto.

"Af, yana ciki," in ji Alhaji, ko a jikinsa. "Bari in ɗauko."

Ya fito da shi a kafaɗa yana mana bayani. Wutar lantarki ba ta kai unguwarsu ba. Tun da motar ta zo, kullum da magariba yakan cire batir ya kai tsakar gida, a jona ƙwan fitila, a yi cajin wayoyin gidan da na maƙwabta. In za a fita sai ya mayar. Ya nuna mana yadda yake yi: ya ɗora kan batir, ya murɗa da hannu, ya ɗauki wani dutse da ke ajiye musamman don wannan aiki, ya ƙwanƙwasa sau biyu. Da yawan cirewa da duka, bakin ƙarfen ya buɗe, har ya cusa ƙusa a gefe don ya kama.

Baba ya sa yatsa biyu ya juya kan batir ɗin kamar murfin kwalba.

"Haba Alhaji. Ko ɗan maraƙi ba ka ɗaure shi haka."

"Ai tana tashi."

"Tana tashi, ba ta ƙoshi."

Na ɗauka nan take zai ɗaure, amma ya ƙi. Ya ce zato muke yi har yanzu, kuma zato ne ya kai shanu kasuwa. Ya sa Alhaji ya tuƙa da kansa, ya bi hanyar da ya saba bi, da gudun da ya saba yi. Ni na zauna a gaba ina kallon ƙarfin wuta a na'ura, Baba a baya da wayar Alhaji yana ta sake buga wa ƙanin. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya komai daidai. Da muka hau wani wuri mai gargada kafin a fita titi, sai na ga lambar wutar tana tsalle, ta faɗi, ta tashi. Motar ta yi harbin nan, wutar gargaɗi ta kama, injin ya hau gunji.

"Ka gani da idonka?" in ji Baba.

Na ce na gani.

"Yanzu faɗi."

Na ce duk sa'ad da kan batir ya girgiza, wutar motar takan rikice, ƙwaƙwalwar giya ta rasa abincinta, sai ta zargi makullan, ta kulle kanta a giya ɗaya don kada ta yi ɓarna.

Nan a gefen hanya ya zaro sabon kan batir daga aljihu, ya kankare darmar batir ɗin da wuƙa har ta yi haske, ya ɗaure tam. Sai a lokacin ya ba ni izinin gogewa. Muka bi gargadar nan sau uku, gaba da baya. Ba harbi, ba wuta, ba lamba ko ɗaya.

Muna juyowa na ukun wayar ta shiga. Baba ya miƙa wa Alhaji, shi kuma ya tsayar da mota. Ina jin muryar ƙanin sama-sama cikin kukan shanu. Farin yana nan, ana ta tayi bai sallama ba. Jan kuwa an sallama shi tun kafin azahar, har an loda shi a babbar mota mai zuwa Kudu.

Alhaji ya ce wa ƙanin, "Koro farin gida." Ya kashe waya ya ce, "Allah Ya sa haka ne mafi alheri. Shekara huɗu ina horonsa."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya riga ni.

"Alhaji, garejina ka kawo mota, garejina ne ya ba ka amsa. Laifin nawa ne. Ina da bijimai biyu a gonata ta Mainika. Gobe za a kawo maka ɗaya, ya yi maka damina."

"Haba Malam, kai kuma fa?"

"Gonata ba ta kai rabin taka ba, zan yi aro wurin surukina. Sai dai ka yi haƙuri da shi, ya saba da ja ta ɓangaren hagu, kuma ya fi ni taurin kai. Batir kuma ka bar wa mota abinta. Injiniya zai haɗa maka ɗan faranti mai cajin rana, ai abin da ya karanta ke nan."

A hanyar komawa na ce masa, "Baba, ni fa ban ce masa lallai giyabos ba ne."

"Na sani. Uku ka lissafa masa, ka bar shi ya zaɓa. Mutumin da bai san cikin mota ba, in ka ba shi zaɓi, mafi girma zai ɗauka don ya huta. In ba ka sani ba, ka ce ya jira. Jira ba ya cin bijimi."

Bai sake tayar da zancen ba, ko a gaban mahaifina.

Na je Masanawa bayan ruwan shuka, na haɗa farantin a kan rufin ɗakin Alhaji. Daga can sama ina hango gonarsa. Farin da bijimin Baba suna jan garma, ɗaya na ja gabas ɗaya na neman kudu, ƙanin Alhaji na binsu yana zagi. Kunyoyin farko duk sun karkace kamar tafiyar maciji. Alhaji ya ce mini sai da suka yi mako guda kafin su daidaita, amma an gama huɗa a kan lokaci, ko kusa da haka. Ya sayi wani ɗan bijimi da kaka, sai dai na ji an ce bai taɓa kai jan ba.

Alhaji da ƙaninsa suna nan da ransu, haka ma waɗanda ke zama a garejin a wancan lokaci. Duk wanda ya ga na ƙara ko na rage, musamman a abin da na faɗa wa Alhaji ranar farko, inda nake tsoron na sassauta wa kaina, don Allah ya aiko mini da gyara.