Lauyar da ta ƙwato wa Inna Fanta tambarinta

Duk ranar kasuwar Batsari, kafin 'yan koli su gama baza kaya, Lauya Zuwairatu ta sauka daga motar Katsina, ta zauna a bakin rumfar masu hatsi. Ba ofis, ba fanka, sai bencin aro. Shekara da shekaru mutanen Ruma da Safana suna kawo mata damuwarsu a nan, ba ta taɓa cewa a biya ta ba. Ni da nake yi wa lauyoyi kallon masu zaƙin baki kawai, ita ce ta rufe mini baki.

Ku tambayi Inna Fanta. 'Yan bindiga sun kore mata shanu kaf a Ruma, ta dawo cikin gari da jikokinta, tana sayen nono tana yin man shanu. A jikin kowace roba takan manna hoton shaidar da gidansu ke yi wa shanunsu a cinya tun kaka da kakanni. Zuwairatu ce ta nace sai da aka yi wa tambarin rajista a Abuja, tsohuwar tana mitar wahalar banza ce.

Kwatsam sai ga man shanu a kasuwar Safana ɗauke da wannan tambari, an cakuɗa shi da kitse. Masu saye suka fara kauda kai daga kayan Fanta, wasu har da baƙar magana. Ta zo rumfa idonta jawur.

"Ɗiyata, sun kwashe shanun, yanzu kuma sunan gidanmu za a kwashe? A ɗaure shi!"

"Inna, doka tana bayanki," in ji Zuwairatu. "Kotu za ta iya dakatar da shi, a lalata kayan jabun, ya biya ki diyya. In hukuma ta gurfanar da shi, har tara ko gidan yari akwai. Mu fara tsayar da ɓarnar tukuna."

Zuwairatu ta yi ta zirga-zirga har kotu ta ba da umarni. Ashe mai laifin wani magidanci ne, Kamalu, mutumin Tsaskiya, shi ma garkensa ya tafi daji bai dawo ba. Zuwairatu ba ta sassauta masa ba. An ƙone robobin a idon jama'a, ya tsaya tsakiyar kasuwa ya faɗa da bakinsa cewa man ba na Fanta ba ne. Sai bayan nan ta gaya wa tsohuwar ko shi wane ne, ta bar mata zaɓi a kan diyya.

Fanta ta juya wurin Kamalu. "Kai, ku ba ku da shaida a gidanku?"

"Muna da ita, Inna," ya ce.

"To na yafe. Je ka sa taku, ka daina zuba kitse."

Zuwairatu ta kai sulhun kotu aka amince, kuma ita ce ta nema wa Kamalu tasa rajistar. Yau masu sayen Fanta sun dawo, har sun ƙaru.

Ke ce garkuwar marasa gata, Zuwairatu. Kin nuna mana doka tana iya hukunta mutum ba tare da ta kashe masa gida ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Ku kuma 'ya'yanmu da kuka yi karatu kuka maƙale a birni, ku riƙa leƙowa gida. Akwai tsofaffin da suna kaɗai ya rage musu, kuma suna neman mai tsaya musu.