Ranar da Na Ce Ba Ni da Wurin Ƙanwata

Shekarun baya, lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ƙanwata ta kira ni daga Aston tana kuka. Visa ɗinta ta ƙare, ta nemi sabuwa shiru, an dakatar da ita daga aiki, mai gida kuma ya ce ta kwashe kayanta ita da 'yarta.

Ni da ko kasuwa sai an ja ni, ranar na kasa zama. In zauna, in tashi, in leƙa taga. Washegari na hau coach, babbar motar haya, daga Manchester inda nake zaune.

A can na gane ashe takardar zama ta gwamnatin London ce, ba ruwan council, wato ƙaramar hukuma. Amma in yarinya za ta kwana a titi, dole council ta nema musu ɗaki. Tsakanin gwamnati da council kuwa, kowa so yake ɗan'uwansa ya ɗauki kayan.

Muka shiga ofishin council. Wata Baturiya mai fara'a ta dube ni ta ce, "In an kore su, suna da wurin zuwa?"

Ji tambaya! A gaban baƙuwa zan ce jinina ba shi da makwanci? Na gyara zama.

"Gidana gidanta ne. Ina raye ba za ta kwana a waje ba."

Ƙanwata ta taka mini ƙafa. Baturiya ta ce madalla, ba sa bukatar council ke nan.

Muna fita ƙanwata ta ce, "Yaya, kin kashe ni! Wane gida? Flat ɗinki na Hulme da ko akuya sai ta fita da baya? Makarantar yarinyar fa?"

"To so kike in tona mana asiri?"

"Shi asirin ne zai rufe mu in ruwa ya sauko?"

Na koma gida Hulme, abinci ya ƙi shiga. Na share ɗaki, na sake sharewa, na auna inda katifa za ta zauna. Babu. Sai na sake hawa coach.

Na tsaya gaban matar nan, idona a ƙasa, na ce, "Ba ni da inda zan sa su." Ƙanwata na gefe tana ji. Kamar in nutse.

Aka ba su ɗaki ɗaya kusa da makaranta, daga baya takardar ma ta fito.

Na san gaskiya na faɗa, kuma ita ce ta cece su. Amma wanda ya tashi inda ake shimfiɗa wa baƙo tabarma kafin a tambayi sunansa ya san nauyin maganar nan. Har yau in ta zo Hulme ba na bari ta wanke ko cokali. Ita kuwa cewa take tsufa ne ya fara taɓa ni.