Lambobin Bayan Keken Istifanus

Malam Istifanus maƙwabcina ne a Daurawa, shekara ashirin da bakwai katanga ɗaya ce tsakaninmu. Daga Zonkwa ya zo Kano da akwatin ƙarfe da wando biyu, ya yi masinja har ya yi ritaya, sannan ya sayi adaidaita sahu. Ban taɓa ganin direba mai tsoron gudu irinsa ba. Ka hau kekensa a Gyadi-Gyadi da ɗanyen nama, kafin Unguwa Uku ya zama kilishi. To wannan bawan Allah shi ya haifi matuƙiyar jirgin sama!

Rifkatu ke nan, autarsa. Tuƙi in sama ta yi garau, ta gama da shi. Abin da ya rage mata takardar tuƙi cikin gajimare, inda matuƙi ba ya ganin komai sai agogunan gabansa. Ta faɗi jarrabawar sau ɗaya, makarantarsu ta ce saura mata dama guda. Uban ya tambaye ta a waya me ya kayar da ita, ta ce zagayen jira. Wato in fili ya cika, sai jirgi ya yi ta kewaye a sama har a ba shi izinin sauka, kuma kowane tsayi da gudun da ba a yarda a wuce ba.

Ya leƙo ta katanga. "Hajiya Ladi, ashe maganar kada a yi gudu ce! Ai fannina ne."

Na ce, "Kai ne ma shehin malaminsa."

Ya lalubo lambobin a wayarsa, ya sa Isyaku mai fenti ya rangaɗa su da ja a bayan keke. Har ƙafa dubu shida, ɗari biyu. Zuwa dubu goma sha huɗu, ɗari biyu da talatin. Sama da haka, ɗari biyu da sittin da biyar. Ma'aunin gudun nasu wai not sunansa.

Dabararsa ita ce in yarinyar ta zo gida, duk inda ta juya ta ji karatunta. Fasinja ba ya sauka sai ya biya lambobin da ka. Ka kuskure, ya zagaya shataletale da kai, wai ba a ba ka izinin sauka ba. Ni sau uku aka zagaya da ni, da kajina biyu a cinya. Cikin mako biyu masu kayan miya a kasuwar Tarauni sun haddace, matan zumunta na cocinsu har kiɗa suka sa masa.

Rifkatu ta iso saura kwana huɗu jarrabawa. Ta karanta bayan keke, ta dafe kai.

"Baba! Wannan na Amurka ne!"

"Saman Amurka daban ne?"

"Dokar ce daban. Mu ta ƙasashen duniya muke bi. Har dubu goma sha huɗu, ɗari biyu da talatin. Zuwa dubu ashirin, ɗari biyu da arba'in. Zuwa dubu talatin da huɗu, ɗari biyu da sittin da biyar. Cakuɗa su da na yi ne fa ya kayar da ni!"

Ba ta rufe baki ba mai tumatir ya hango ta, ya ɗaga murya, "Dubu shida, ɗari biyu, ranki ya daɗe!" Yarinya ta kusa kuka. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, dariya har da riƙe ciki.

Istifanus ya yi tsuru-tsuru. Ya koma wajen Isyaku, amma bai sa a goge ba. Ya ce a ja layi a kan jan rubutun, a rubuta na daidai a ƙasa da kore. Kwana uku yana bin kasuwa rumfa-rumfa yana warware abin da ya ƙulla: "Ja nasu, kore namu!" Matan zumunta sai da suka sake waƙa.

Tambayar kuwa ta fito a jarrabawar. Rifkatu ta ce lambobin suka fara yi mata rawa, sai ta runtse ido, ga bayan keken babanta, ja da layi a kai, kore a ƙasa. Ta ci.

Ina cikin keken aka bugo masa waya. Mutumin nan ya murɗa hannu, yana oda yana "Haleluya!", ina ihu ina "Baban Rifkatu, ka wuce iyaka!" Wallahi ranar har ɗan garuwa muka wuce.