Hoton Safara'u a Shagon Dikko

Baffa Hamman mutumin Badafi ne, manomin dawa, yana da 'yan shanu da ba su kai a kira su garke ba. Dangar kara ce ta raba gidanmu da nasa. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani shi ya gaya mini.

'Yarsa ɗaya ce, Safara'u. Sanƙarau na shekarar casa'in da shida ya ɗauke ta tana firamare, ajinmu ɗaya. Hotonta guda ne a duniya, wanda aka ɗauka a bakin ruwan Bagauda ranar yawon Sallah. Duk sanda mahaifiyarta, Gwaggo Asibi, ta kalle shi sai ta wuni tana kuka. Da abin ya ƙi ƙarewa, dattawan gida suka ce kukan nan nauyi ne ga mamaciya, a rabu da hoton.

Baffa bai musa ba. A lokacin Dikko, ɗan ƙaninsa, ya buɗe shagon buga takardu da kwamfuta a Tudun Wada. Can Baffa ya kai hoton aka shigar da shi cikin na'urar, ya ga fuskar ta bayyana a gilashi.

"A nan ba ya tsufa, Baffa," in ji Dikko. "Gara ba ta cin sa."

"To ya fi ni," in ji Baffa.

Ya dawo gida ya ƙone na takardar a gaban dattawa, don kada ya zama ya yi musu ƙarya.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya hau mota zuwa Tudun Wada, ko ba shi da abin sayarwa.

"Baffa an zo kallon fim?" Dikko kan ce.

"Kunna mini, ɗan nema."

Ya zauna a benci ya yi ta kallo, sai an kira azahar ya tashi.

Wata rana wani mutum ya kawo faifai a buga masa hoton da ke ciki. Dikko na buɗewa na'urar ta sandare. Da aka sake kunna ta, duk abin da aka adana ya tafi. Mai faifan ma bai san abin da ya ɗauko ba, kwafowa ya yi a wani wuri.

Mai gyara da ya zo daga Kano ya yi wa Baffa bayani. Ya ce da gangan wani mugu ya shirya hoton da ke cikin faifan. Hoton ya gaya wa na'urar shi ɗan ƙarami ne, ta ware masa ƙoƙo, sai ya zubo mata kwano guda. Abin da ke buɗe hotuna kuwa ba ya aunawa. Rarar ta malala inda na'urar ke karɓar umarni, a cikinta kuma an ɓoye umarnin share komai.

"Abin da ya zube ba a tsince shi?" Baffa ya tambaya.

"An rubuta wani abu a kansa, Baba. Sai haƙuri."

Baffa bai ga laifin Dikko ba. Ya nemi mai hoton Bagauda, aka ce ya daɗe da barin sana'ar.

Bayan girbi ina taya shi ɗaure dami, ya tsaya.

"Kai da kuka yi makaranta tare, ɗan tabon nan na goshinta, dama yake ko hagu?"

Na yi ta tunani. Na ce ban iya tunawa ba.

"Asibi za ta sani," ya ce a hankali. "Amma ba zan tambaye ta ba."

Ya sunkuya ya ja igiyar damin.