Kalmar da Ta Raba Inna da Ɗakinta

Inna Mai Keke ba ta san daɗin zama ita kaɗai ba sai da furfura ta rufe mata kai. Ita ce babba a gidansu, ta yi rainon ƙanne. Ta yi aure, ta yi rainon 'ya'ya, tana taka keken ɗinki da goyo a baya. Da maigidan ya rasu, auta kuma ta tafi nata gidan, sai ta kama hayar ciki da falo a bayan kasuwa. Ta kafa keke a bakin taga. Inda ta ajiye almakashi nan take samun abinta. Maƙwabta su shigo da ɗinki da hira, su tafi tun ba su gundure ta ba. Har ƙiba ta yi.

Matar babban ɗanta ba ta jin Hausa, Inna kuwa Turancinta na tsintuwa ne a bakin masu kawo ɗinki. Ran nan surukar ta kira ta a waya tana tambayar lafiya. Inna ta so ta ce ita kaɗai take, hankali kwance, sai ta ce da fara'arta, "I am lonely." Sai surukar ta fashe da kuka.

Ranar Asabar ɗan ya iso da mota, ya ce gidansa za ta koma. Inna ta rantse lafiyarta ƙalau, ya ce kawaici take yi. Sai a hanya ya yi mata bayani: alone shi ne mutum ya zauna shi ɗaya, lonely kuwa kaɗaici ne mai cin rai.

"To, na farkon nake nufi. Juya motar."

"Haba Inna, ai an riga an gyara miki ɗaki."

Ɗakin da aka gyara ɗin da jikoki biyu a ciki. Keke aka kai shi sito, wai ƙararsa na hana yara karatu. Surukar, baiwar Allah, da ta ga Inna ta keɓe sai ta zo ta zauna ta riƙe mata hannu. Ta yaya za ka kori mai yi maka alheri? Inna sai ta haɗiye takaicinta, ta yi murmushin dole.

Da ta matsa a mai da ita, aka ce an ba wani mai gyaran waya ɗakinta na bayan kasuwa. Tana gidan ɗan har yau. In ta idar da salla takan daɗe a kan darduma tana jan carbi, don a nan ne kawai ake ƙyale ta.