Ba a Dariya a Hoton Malam Maliki

Shekara ashirin da biyu Malam Maliki ya yi yana koyar da aji huɗu a wata firamare cikin garin Daura, ba nisa da Kusugu. In kana neman wanda bai bi ta hannunsa ba a unguwar, sai dai ka nemo baƙo ko tsoho. Teloli, masu shayi, 'yan acaba, har ladanin masallacin layinsu, duk sun taɓa tsayawa gabansa murya na rawa. Shi ba mai duka ba ne. Kallo gare shi. Zai sauke tabarau zuwa kan hanci ya leƙo ka ta samansa, sai ka tuno duk laifin da ka yi tun farkon mako.

To wannan bawan Allah ne son hoto ya kama da girmansa. Ƙanensa ya kawo masa kyamara tsaraba daga Kano, ya fara gwaji da akuyar gida, wadda ita kaɗai ce a unguwar ba ta jin nauyinsa. Kafin shekara biyu hannunsa ya faɗa, har ya sayi 'yar na'urar wanke hoto mai batir. Ga shi alli ya ishe shi, maƙogwaro ya gaji da maimaita abu ɗaya. Sai ya zauna ya rubuta takardar ajiye aiki, ya bi ta da jan biro sau uku, ya sake kwafewa. Hedimasta Lawal ya ce masa in da gaske yake ya kawo ta ranar Litinin, kafin a raba azuzuwan sabon zango, don a san wanda za a ba aji huɗu.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: hotunansa ba a dariya a cikinsu.

Bikin Zaituna, 'yar maƙwabcinsa, shi ya fito da abin fili. Ƙawayen amarya na ta shewa a tsakar gida, Malam ya yi sallama ya shigo da kyamara. Tsit. Wata ta yi maza ta tofar da cingam, wata ta ja mayafi har kan gira. Ya ce, "Dogaye baya, gajeru gaba," suka jeru kafin ya rufe baki. Ya ce, "Ku yi murmushi mana." Suka haɗa baki, "To, Malam," suka ƙara ƙamewa. A waje kuma da ya kira ango da sunansa, "Yazid!", sai ango ya zube ƙasa zai kwashi gaisuwa, daidai lokacin da Malam ya danna. Hoton ya fito da abokan ango reras, a tsakiyarsu kuma ƙoƙon hula.

Matarsa Murjanatu ta baje hotunan a kan tabarma tana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, wannan biki ne ko jarrabawa?"

"Haske ne bai yi daidai ba."

"Hasken ne ya sa babban aboki ya rungume hannu a ƙirji?" Ta danne dariya. "In kana son ganin haƙoran mutane, je inda ba ka taɓa kiran rajista ba."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ranar Lahadi, ana gobe Litinin ɗin, ya ce zai gwada kansa a kasuwar Mai'adua. Ya ajiye doguwar rigarsa, ya sa 'yar shara mai aljihu takwas da hular hana-salla. Murjanatu ta raka shi har zaure, ta yi masa addu'a, ya ji fashewar dariyarta tun bai kai ƙofa ba.

A Mai'adua kuwa abin ya yi kyau. Wani dillalin shanu ya rungume wuyan bajiminsa yana washe baki. Samari daga tsallaken iyaka suka hau babur su huɗu, kowa da salon tsayuwarsa. Wata mai fura ta tuntsire da dariya har ta dafe ƙwarya, ya ɗauke ta a haka. Bai taɓa yin hotuna irin waɗannan ba, ransa ya yi fari.

Sai dai kafin azahar wani abu ya fara sukarsa. "Kai mai hoto, zo nan!" "Tsoho, yi sauri mana!" Wani ya dafa masa kafaɗa yana nuna masa inda zai tsaya. Ya je gindin rumfa zai huta, benci cike da matasa, babu wanda ya ko gyara zama. Ya tsaya da kyamara a wuya yana jira a ce "Malam, ga wuri," har ya tuna nan ba Daura ba ce. Abin da ya zo nema ke nan, ya kuma samu, amma sai ya ji kansa kamar baƙo a gidan biki.

Bayan la'asar wani ɗan acaba ya faka sabon babur a gabansa, baƙin gilashi a ido, sigari a baki, ya ɗora ƙafa ɗaya kan tanki.

"Mai hoto, ɗauke ni yadda za a san na iso."

Malam ya sauke tabarau kan hanci don ya duba kyamara, ya leƙo mutumin ta sama. Sigarin ya faɗi. Ɗan acaban ya diro, ya cire gilashi, ya durƙusa cikin turɓaya.

"Malam! Wallahi ban gane ka ba. Suhaibu ne, na bencin baya."

Malam ya tuna shi sarai. Shi ne wanda ya zo aji huɗu bai iya haɗa baƙi ba, Malam ya riƙa tsare shi bayan tashi a gindin darbejiya, zango uku cur, yana kuka yana karatu.

"Har yau ni nake karanta wa Baba takardar asibiti," in ji Suhaibu, kansa a ƙasa. "Duk gidanmu ni ake kira."

Malam ya yi gyaran murya. "Tashi ka koma kan babur ɗinka, yadda kake ɗazu."

"A'a, Malam. Ba zan iya ba."

Ya yi, ya yi, Suhaibu ya ƙi. A ƙarshe ya tsaya gefen babur, ƙafa haɗe, hannaye a miƙe jikin cinya, fuska ba walwala. Duk hotunan ranar babu wanda ya kai wannan muni. Sannan ya rantse shi zai mayar da Malam Daura, ya kuma tuƙa shi a hankali har masu keke suna wuce su.

Murjanatu ta yaba hotunan, har da tafi. "Yanzu kam ka zama mai hoto. Wannan ne kawai ya ɓata maka," ta ce, tana ture na Suhaibu gefe. Malam ya ɗauka ya sa a aljihun rigar da zai sa gobe, inda takardar take.

Da safe Hedimasta Lawal ya miƙo hannu. Malam Maliki ya sa hannu a aljihu, ya daɗe bai fito da shi ba.

"Ba ni rajistar aji huɗu," ya ce.

"Takardar fa?"

"Akwai gyara a cikinta."

Har yanzu yana ɗaukar hoto ranakun Asabar da Lahadi, biki ko suna, hoton Suhaibu kuma yana cikin bangon rajista. In ya ɗaga kyamara a Daura, mutane ƙamewa suke yi kamar da. Ya daina cewa a yi murmushi.